Sunan da Ban Rubuta Ba

Da wuya ka ga mai kallon fim ɗin Hausa ya tsaya karanta sunayen da ke hawa sama bayan an gama. Da zarar jarumi ya yi maganarsa ta ƙarshe, yatsa ya kai kan waya, ana neman kashi na gaba. Mu kuwa da muke ci da alƙalami, waɗannan layukan muke jira. Kuɗin da furodusa ke biyan marubuci sau ɗaya ne, a kashe a manta. Fim ya yi kasuwa ko ya kwanta, ba mai sake waiwayarka. Abin da ke saura a hannunka layi biyu ne, "Labari" da "Tsara labari", da sunan da aka sa a gabansu. Da su ake neman aiki na gaba.

Tun farkon sana'ar haka take. A 1933, lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina. Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a bango, sunan ya sa aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ko Jiki Magayi, da mutum biyu suka yi aikinsa, sunaye biyu ke jikinsa, na John Tafida da na East. A zamaninmu ma hanyar ba ta sauya ba. Ado Ahmad Gidan Dabino da littafinsa In Da So Da Ƙauna ya shiga fim. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sai da masu karatu suka san su a bangon littafi kafin su zauna rubuta Daɗin Kowa a tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014. Kowannensu ya zo da abin da zai nuna ya ce ga aikina.

Duk wannan na san shi, kuma na sha faɗarsa a tarukan marubuta da murya mai ƙarfi, domin ni ma an taɓa yi mani. A farkon shigata harkar, na rubuta wa wani furodusa fim daga farko har ƙarshe, da ya fito sai na ga sunansa a inda nawa ya kamata ya kasance. Na daɗe ina ɗauke da wannan ciwo. Na ba da labarinsa a gaban matasa, na gargaɗe su kada su yarda a yi masu haka. Ina son mai karatu ya riƙe wannan, don abin da zan faɗa ba jahilci ne ya jawo shi ba.

Ni ɗan ƙasar Ruma ne, a Batsari aka haife ni, ko da yake neman abinci ya zaunar da ni Kano. Wanda ya san yankinmu ya san ba ƙasar da ta rasa labari ba ce. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin Ɗanwaire da yaƙe-yaƙensa kamar jiya aka yi. Ga Dajin Rugu a yammacinmu, wanda a da ake zuwa kiwo da itace, yanzu kuwa sunansa kawai ke sa uwa ta kira 'ya'yanta cikin gida. Abin da babu shi ne hanya. Yaron da ke Batsari ko Safana ko Runka, in yana da baiwar rubutu, ba shi da kamfanin ɗab'i kusa, ba shi da furodusa, ba shi da wanda zai karanta masa ya ce nan ka yi daidai, nan ka kuskure. Duk abin da yake da shi shi ne wani ɗan garinsu da ya riga shi fita. Ga wani yaro, ni ne wannan ɗan garin.

Iyayensa mutanen wani ƙauye ne ta wajen Safana, a bakin daji. Da hare-hare suka yi yawa suka taso suka dawo Batsari, suka kama ɗaki a maƙwabtanmu. Shi yaron ya gama sakandare, ya buɗe ɗan shago inda yake cajin waya da tura wa mutane finafinai. Duk fim mai dogon zango da ya fito, ta hannunsa yake shiga wayoyin unguwa. A lokacin kasuwar ta riga ta koma can. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, da suka fara a 2020, sun nuna wa kowa inda masu kallo suka nufa, furodusoshi kuma suka shiga neman labarin da zai riƙe mutane mako bayan mako.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro. Sana'ar yaron ta tsaya cak, sai in ya shiga mota zuwa Katsina ya sauko da sababbin finafinai. A cikin wannan zama na dole ya ƙarasa wani labari da ya daɗe yana rubutawa. Na je gida gaida mahaifiyata, sai ya same ni da dare a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mani littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, an ɗinke su wuri ɗaya da zare.

Ya ce, "Yaya, da akwai sabis da na turo maka ta waya. Don Allah in ka samu lokaci ka duba mani. In ba shi da kyau ka gaya mani gaskiya."

Ba shi da wani kwafi. Wanda ya ba ni shi ke nan.

A mota na fara karantawa, kuma ban ajiye ba sai da na gama. Labarin wani ƙauye ne da 'yan bindiga suka shiga cikin dare, suka bi gida-gida, suka kora dabbobi, suka tafi da mutane, amma suka tsallake gida ɗaya. Ba wanda ya san dalili, har masu gidan. Da gari ya waye, tsirar da suka yi ta zame masu masifa. Aka fara raɗa cewa infoma a gidan yake. Maigidan ya zo teburin mai shayi, hira ta mutu. Aka aiko karɓar kayan da aka kai wa 'yarsa na neman aure. A masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu ya riƙa matsawa. Daga nan mutanen gidan su kansu suka fara kallon juna, uba yana zargin ɗa, kishiya tana zargin kishiya. Rubutun yana da kurakurai, ƙa'idar rubutu ba ta zauna masa ba, wasu wuraren ya yi ta maimaici. Amma na yi shekaru ina rubutu ban taɓa samo ƙashin labari mai ƙarfin wannan ba. Ni na bar gida kafin wutar ta kama. Shi a cikinta ya kwana ya tashi.

Niyyata ta farko mai kyau ce, kuma wannan ne ya sa ban lura da lokacin da na kauce ba. Na ƙudurta zan kai shi gaban wani furodusa da muke aiki tare, in ce ga wani yaro daga garinmu. Da muka zauna ana hirar abin da za a yi a gaba, sai na ji bakina ya ce, "Akwai wani labari a hannuna." Ban yi ƙarya ba, a hannuna yake. Na ba shi a taƙaice, na ga ya gyara zama, ya ajiye wayarsa. Ya ce, "Malam, wannan shi ne. Yaushe za ka fara?" A nan ya kamata in ce ba nawa ba ne. Yabon ya yi mani daɗi, na ce a raina zan yi bayani daga baya, in an zo maganar kuɗi.

Na shiga aiki, kuma aiki ne na gaske. Mayar da labarin littafi zuwa fim mai dogon zango ba kwafa ba ne. Sai ka yanka shi sin-sin, ka san inda kowane kashi zai tsaya don mai kallo ya dawo, ka rage mutane saboda kuɗin lokeshan, ka ƙara wasu saboda kasuwa. Na sa soyayya, na ƙirƙiro wani ɗan birni, na rubuta kowace magana da 'yan wasa za su faɗa. Watanni ina kai. Kullum na ƙara shafi, sai labarin ya ƙara zama nawa a cikin zuciyata, littattafan yaron kuma suka koma ƙasan tarin takardu. An maido da sabis a yankinmu wajen ƙarshen shekarar, ya kira ni yana tambaya. Na ce masa labarin yana da kyau, ana nan ana dubawa.

Ranar da abin ya tabbata ba ta da wata alama. Edita ne ya kira ni yana haɗa sunaye. Ya ce, "Tsara labari kai ne. Labari fa, wa za mu sa?" Ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa. Na ce, "Sa ni duka." Ya ce to. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Hujjojin da na ba kaina suna da yawa, kuma kowace tana da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa suka riƙe ni. Na ce na sauya abubuwa da yawa, abin da ya fito ba shi ne abin da ya rubuta ba. Na ce furodusa sananne yake so, sunan da ba a sani ba ba zai ƙara wa fim komai ba. Na ce ai irin wannan abu ya faru a ƙauyuka da dama, ba mallakar kowa ba ne. Wadda ta fi kwantar mani da hankali ita ce ta tsaro: yaron yana zaune a Batsari, labarin kuma na infoma ne, in aka sa sunansa wa ya san wanda zai gani ya ɗauka da shi ake? Wannan damuwa ce ta gaske a wurinmu, ba wasa ba. Sai dai in da don shi na yi, da na tambaye shi. Da na ce masa ga haɗarin, kana so a sa sunanka, ko a sa wani laƙabi da za ka riƙa amfani da shi? Marubuta da yawa da laƙabi aka san su. Ban tambaye shi ba saboda na san amsar da zai bayar, kuma ba ita nake so in ji ba.

Da aka biya ni, na tura masa wani abu na ce ya sa a shago. Ya yi ta godiya, mahaifiyarsa ta sa mani albarka. Na karɓi albarkar.

Fim ya fito a YouTube, ya samu karɓuwa. Aka fara kirana daga wuraren da ba su taɓa nemana ba. A wata hira aka tambaye ni yadda na san halin da mutanen karkara ke ciki haka, na ce ai ni ɗan yankin ne.

Bayan wani lokaci mai tsawo sai ga saƙonsa. Wani kamfanin shirya finafinai yana neman sababbin marubuta, an ce mai nema ya kawo jerin ayyukan da ya taɓa yi, da takardar shaida daga wani da aka sani a harkar. Ya rubuto: "Yaya, ba ni da abin da zan sa a wurin ayyuka. Ko za ka taimaka ka rubuta mani takarda cewa na iya rubutu? Kai kaɗai ka taɓa karanta nawa."

Na ce masa wannan ai ba komai ba ne. Da dare na buɗe kwamfuta na fara. Na rubuta cewa na san shi tun yana ƙarami, yaro ne mai hankali da ladabi, mai son karatu, mai riƙon amana. Na rubuta cewa yana da sha'awar rubutu ƙwarai. Sai na zo inda ya kamata in kawo hujja, domin na san masu karanta irin wannan takarda ba ladabi suke nema ba, suna so su ji me mutum ya taɓa yi. Hannuna ya tsaya.

Akwai jimla ɗaya da za ta sa a ɗauke shi ba tare da an ƙara tambaya ba: cewa labarin fim ɗin nan da kuka sani, shi ya ƙirƙire shi. Jimlar gaskiya ce, ni kaɗai ne a duniya zan iya rubuta ta, kuma ba zan iya rubuta ta ba sai na tona kaina. Na zauna ina kallon wurin da babu komai. Na gwada kewaye. Na rubuta cewa ya taɓa ba ni shawara a kan wani aiki, na goge. Na rubuta cewa ya taimaka mani da bincike, na goge, don wannan sabuwar ƙarya ce a kan tsohuwa. Sai na koma sama na sake karanta abin da na riga na rubuta, idona ya faɗa kan "mai riƙon amana". Ni nake ba da shaidar amanarsa, alhali littattafan da ya damƙa mani suna cikin akwatin da ke bayana.

A wannan daren ne na ga girman abin da na ɗauka. Da ina lissafa shi da kuɗi, ina cewa ai na ba shi wani abu, in ma bai kai ba zan ƙara. Amma ba kuɗi ya rasa ba. Gurbin da ya ce ba shi da abin da zai sa a ciki, ni na kwashe abin da ke wurin na zuba a nawa. Kiran da ake yi mani daga sababbin wurare, rabinsa nasa ne. Ni ina da ayyuka da yawa a bayana, layi ɗaya bai ƙara mani wani abin kirki ba. Shi kuwa wannan layin ne kaɗai zai fitar da shi daga shagon caji. Kuma na yi masa haka ne a lokacin da ba shi da wata shaida, ba saƙon waya, ba kwafi, ba wanda ya gani. Ban taɓa zama na shirya cin moriyar wannan ba, amma ba zan ce wani sashe na zuciyata bai san da shi ba.

Ba wai babu tsarin da ya tanadi irin wannan ba. Dalilin da ya sa ake raba layin "Labari" da na "Tsara labari" ke nan, don a ba wanda ya kawo ƙashi haƙƙinsa, a ba wanda ya sa nama nasa. A Amurka, tun farkon shekarun 1940 ƙungiyar marubutan fim ce ke yanke hukuncin sunan da za a sa, ba kamfani ba, saboda sun ga yadda ake danne na ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tsohuwar ta 1988 da sabuwar ta 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, duk sun kare rubutu tun daga lokacin da aka sa shi a takarda, ko da ba a yi masa rajista ba. Mayar da shi fim sai da izinin mai shi, sallama haƙƙi sai a rubuce, kuma marubuci yana da ikon a ambaci sunansa. Littafin makaranta da aka ɗinke da zare yana cikin wannan kariya daidai da wanda aka buga a Zariya.

Akwai wani labari daga duniyar wasannin kwamfuta da na saba ba matasa. A ƙarshen shekarun 1970, kamfanin Atari ba ya sa sunayen masu ƙirƙira masa wasanni. Warren Robinett, wanda ya yi wasan Adventure, sai ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri cikin wasan, inda sai mai naci zai gano. Wasu huɗu daga cikin ma'aikatan kuma suka fice a 1979 suka kafa Activision, inda aka riƙa buga sunan mai wasa tare da wasansa. Duk lokacin da na ba da labarin nan, a gefen Robinett nake ajiye kaina. Ban taɓa tunanin cewa wanda ke hana suna ba dole ne ya zama babban kamfani ba. Yana iya zama yayan unguwa, wanda aka durƙusa aka gaisar, wanda shi ma an taɓa cutarsa kuma bai manta ba.

Na rubuta jimlar. Na ambaci fim ɗin, na ce asalin labarin nasa ne, ni na tsara shi, kuma rashin sunansa laifina ne. Washegari na kira furodusa na gaya masa. Bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya, don shi ma na ɓoye masa. Gyaran da aka iya yi kaɗan ne. Ba a sauya hoton da aka riga aka ɗora a YouTube sai an sauke shi an sake ɗorawa, a rasa duk kallon da ya tara, kuma ba wanda zai yarda da hakan. An ƙara sunansa a bayanin da ke ƙarƙashin kowane kashi, wurin da kusan ba mai buɗewa. Kwafin da ya riga ya bazu a wayoyin mutane kuwa da sunana zai ci gaba da yawo.

Na tafi Batsari da littattafansa, na same shi a shago. Na ce ina so mu yi magana, ya ba ni benci, ya zauna a ƙasa, na ce ya tashi ya zauna kusa da ni. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya ce:

"Yaya, ai tun kashi na ɗaya na gane. Ni nake tura wa mutane shi a nan. Da farko nakan ce masu labarina ne. Sai wani ya kai ƙarshe ya nuna mani sunanka, suka yi ta dariya. Daga nan na daina faɗa."

Na tambaye shi me ya hana ya yi mani magana. Ya ce, "To Yaya, in na ɓata da kai, wa na sani?"

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe. Na shiga wurin mahaifiyarsa na ce, "Inna, albarkar da kika sa mani kwanaki, ban cancance ta ba," na gaya mata dalili. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba. Muka rubuta takarda ni da shi a gaban shaidu biyu, aka bayyana wanda ke da labari da wanda ya tsara, na biya shi kason mai labari daga abin da na karɓa. Da aka zo zango na biyu, sunansa ya fito a layinsa, kuma shi ya zaɓi a sa na gaskiya, ba laƙabi ba.

Kamfanin nan bai ɗauke shi ba a wancan karon. Yana nan yana rubutu, ya kuma gama wani sabon labari. Na ji haka ne daga bakin wani marubuci a Katsina, wanda shi ya kai wa ya duba masa, bayan ya ɗauki hoton kowane shafi ya ajiye a wayarsa.